Ina za ka kwana a Maraɗi?

Ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya bar gida, dare zai same shi a wani wuri. Mu mutanen Ajekoriya ba mu cika tafiya don yawo ba. Abin da ke fid da mu sananne ne. Ko ciwon da ya gagari likitanmu da asibitin Dakwaro, ko takardar da ba a samu sai a babban gari, ko yaro da zai yi jarrabawa, ko sari a kasuwa. Yawanci Maraɗi muke nufa. In ka samu motar safe, ka wuce Kwarnaka, da rana tsaka ka isa. Amma isa daban, biyan buƙata daban. Likita zai ce ka dawo jibi. Mai sa hannu ga takarda zai ce sai gobe. To, ina za ka kwana? Nawa kuma za ka biya?

Kada ka raina wannan tambaya. Kuɗin da ke aljihunka ba daga sama suka faɗo ba. Akuya ce aka kai kasuwa, ko buhun wake, ko bashi aka ciwo ga maƙwabci har kaka. Kowace dala ka miƙa wa mai ɗaki, cikin kuɗin magani ka cire ta. Don haka nake so mu zauna mu lissafa wannan abu, kamar yadda muke lissafin tiya da buhu a aji. Abin da tafiya ta koya mini shi ne, kuɗin da aka faɗa maka a bakin ƙofa ba su ne iyakar kuɗin kwana ba. Akwai waɗanda ke ɓoye a bayansu. Wanda ya iya tono su, shi ke samun araha.

Neman masauki ba yau aka fara ba. Kakanninmu fatake sun yi ta kora jakai daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni bisa hanya, madugu yana gaba. Inda suka sauke kaya suka kwana, shi ne zango. Wasu zangunan sun zama unguwanni. Har yau akwai unguwa mai suna Zango a Kumasi, akwai a Yamai. A cikin gari kuwa akwai fatoma, wanda baƙi ke kira mai gida. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya aika masa da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ba ya ce a biya shi kuɗin kwana. Masu kai shanu kurmi haka suke sauka a unguwar Sabo ta Ibadan. Kyauta ce? A'a. Dillalan mai gida ne za su sayar da dabbobin, a cikin la'ada yake fanshe tuwonsa da ɗakinsa. Baƙo ya sani, mai gida ya sani, kowa ya yarda. Masu fataucin dabbobi har gobe suna da masu gidansu a manyan kasuwanni. In kai ɗan kasuwa ne irin wannan, ba ka da damuwa. Maganata da sauran jama'a nake yi.

Mafi yawanmu gidan dangi muke sauka, kuma ni ma shi nake fara tunawa. Amma shi ma a lissafa shi. Ba ka shiga gidan ƙanenka hannu rabbana. Za ka riƙe tiya biyu ko uku ta gero, ko wake, ko cuku, ko kaza. Za ka ba yara ƴan daloli. In ka kwana biyu, kunya za ta sa ka sa hannu ga cefane. Duk da haka ya fi ɗakin haya sauƙi nesa ba kusa ba, ga kuma zumunci. Sai dai ka tuna birni ba ƙauye ba ne. Ƙanen nan naka da ke unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, wataƙila ɗaki guda yake haya da ƴar rumfa, shi da mata da ƴaƴa biyar. Ruwa ma ga ɗan garuwa yake saye. Addini ya ba baƙo haƙƙin kwana 3, abin da ya wuce haka sadaka ce ake yi masa. Hausawa kuma sun ce baƙo raɓa ne. Ka buga waya kafin ka taso, ka faɗi ku nawa ne, kwana nawa za ku yi. In kuwa maras lafiya ka ɗauko mai tari ko ƙyanda, ni a ganina bai kamata ka kai shi cikin ƴaƴan mutane ba, ko da sun ce ba komi.

Akwai wuraren kwana da ba a biya. Manyan kamfanonin mota irin su Rimbo da STM da Al Izza da asuba suke tashi, don haka wanda ya yanki tikiti yakan kwana a tasharsu. In Yamai ko Damagaram za ka wuce, ka huta da neman ɗaki. A asibiti kuma ƴan jinya na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Namiji mai lafiya, kwana ɗaya ko biyu, ba abin da zai same shi. Amma tsoho da aka sallama aka ce ya riƙa zuwa wankin miki fa? Ko mace mai jego? Ko da damina, ruwa na sauka tsakar dare? A nan dole sai ɗaki.

Na san wasu a nan ko sunan otel ba su son ji. Da an ambace shi sai su tuna giya da sharholiya. Akwai irin waɗannan, ba ƙarya. Akwai kuma manya irin su Jangorzo, wanda kowa ya san sunansa, inda ma'aikata da manyan baƙi ke sauka. Ba su nake nufi ba. Tsakanin biyun nan akwai ƙananan masaukai masu mutunci, waɗanda talaka zai iya kamawa in ya san yadda ake shiga.

Abu na farko da za ka gani in ka shiga shi ne allo ko takarda a manne ga bango, an rubuta kuɗin ɗakuna. Nan karatunmu zai yi maka rana. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take magana. Dala 1 tamma 5 ce. Jikka 1 tamma 1.000 ce, wato dala 200. In ka ga an rubuta 6.000 F, jikka 6 ke nan, ko dala 1.200. Hanya mai sauƙi: ka rufe sifiri ukun ƙarshe da yatsa, abin da ya rage shi ne yawan jikkuna. In ka ga 7.500 F, jikka 7 da rabi ne.

Ka yi hankali da kalmar dubu. In yaron da ke karɓar baƙi ya ce maka dubu biyu, mi yake nufi? In tamma yake ƙirga kamar ƴan lakwal, jikka 2 ce. In dala yake ƙirga kamar ni da kai, jikka 10 ce. Ka ga bambancin? Ninki biyar! Na ga dattijo ya yi murna ya samu araha, ya kwana, da safe rigima ta tashi har mutane suka taru, alhali ba wanda ya yi niyyar cutar wani. Don haka ka mai da magana ga jikka. Ka ce: jikka nawa? Jikka ba ta da fuska biyu. Kada kuma ka tafi da farashin da baba ya gaya maka na zamaninsa. Tun watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa ta koma rabi, tsohon lissafi ya mutu, kuma tun daga nan kaya hawa suke.

Allon da Faransanci ake rubuta shi. Ba sai ka iya Faransanci ba, kalmomi kaɗan ne, ka kwafe su a kayenka. Chambre shi ne ɗaki. Ventilée, mai fanka. Climatisée, mai na'urar sanyi, wadda muke ce wa kilim, kuma shi ya fi tsada. Nuitée, kwana guda. In ka ga haruffa uku TTC bayan kuɗi, ana nufin an haɗa har da haraji. In babu su, ka tambaya, don kada ranar tafiya a ɗora maka wani abu bisa. In kuwa ka ga complet a ƙofa, wuri ya cika, ka yi gaba. Ka tambaya kuma: kuɗin nan na ɗaki ne, ko na mutum guda? In mu biyu ne fa, ɗaya ya shimfiɗa tabarma ƙasa? Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu sai ciniki. Wasu na zaton abin da aka rubuta ba ya taɓuwa, kamar tambarin gwamnati. Ba haka ba ne. Ka yi tunanin mai masauki. Kai manomi, in gero ya faɗi da kaka, sai ka zuba rumbu ka jira bazara. Shi ba shi da rumbu. Daren da ɗaki ya kwana ba kowa, ya tafi ke nan har abada, ba a sayar da daren jiya yau. Hajarsa kamar ta mai nono ce, in ba a saya ba ta lalace. Ga kuɗin wuta, ga albashin mai gadi, duk suna jiransa ko da baƙo ko babu. Saboda haka jikka 5 a hannu ta fi masa jikka 7 a bisa allo. Ya san haka sarai. Abin da yake dubawa shi ne ko kai ma ka sani.

Yana kuma karanta ka tun daga ƙofa. Wanda ya shigo bayan magariba, kaya bisa kai, tsoho na bin sa a baya yana nishi, wannan ba ciniki ya zo yi ba, roƙo ya zo yi. Ko nawa aka ce zai biya. Don haka ka yi sammako daga gida, ka isa da sauran rana. Ka bar kaya da maras lafiya a inuwa, wurin wani ɗan garinmu mai shago kusa da tasha, ka tafi hannu sake. Ka duba wuri uku kafin ka tsai da ɗaya. Ɗan kabu-kabu zai ce ya san wuri mai araha. Wataƙila gaskiya ne. Amma wasunsu suna da ɗan abin goro da mai masauki ke ba su ga kowane baƙo, kuma goron nan daga aljihunka zai fito. Ka bar shi ya kai ka, ka sallame shi, sannan ka shiga kai kaɗai.

Bari in ba ka labarin yadda muka yi. Shekarun baya an kira mu malaman yaƙi da jahilci horo na kwana 6 a Maraɗi. Aka ba kowa kuɗin masauki a hannu, abin da ya rage naka ne. Mu huɗu muka zo daga ƙasar Dakwaro. Muka bar ƙaraminmu da jakunkuna gindin wani bedi, mu uku muka shiga gari da ƙafa. Wuri na farko jikka 10, kilim kaɗai gare su. Muka yi godiya. Na biyu jikka 7, mai fanka, tsakar gida a share. Na uku jikka 5, amma kiɗa na tashi bayan katanga tun da la'asar, ƙofar ɗakin kuma da waya aka ɗaure ta. Muka koma na biyu.

Babbanmu, wani dattijo da ya yi dillancin awaki kafin ya shiga koyarwa, shi ya yi magana. Ya ce wa yaron: "Samari, mun ga allo. Amma mu huɗu ne, ɗaki biyu muka so, kwana shidda."

Yaro ya ce: "Baba, jikka bakwai-bakwai na, ga shi an rubuta."

"Na gani. Kai ad da wurin, ko akwai na bisanka?"

"Akwai mai gida, shina kasuwa."

"To, kira muna shi."

Wannan ka riƙe shi. Yaron da ke bakin ƙofa sau da yawa ba shi da ikon rage ko dala. Kada ka ɓata bakinka, kada kuma ka yi masa faɗa, ba laifinsa ba ne. Mai wurin ya zo, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya. Dattijo bai yi gaggawa ba. Sai da aka yi hirar damina sannan ya ce: "Alhaji, ɗakunanka nawa ab babu kowa yau?" Alhaji ya yi dariya, bai amsa ba. Dattijo ya taya huɗu-huɗu. Alhaji ya ce albarka. Ya sauko shida. Muka miƙe kamar za mu tafi. Dattijo ya juyo ya ce: "Biyar-biyar, kuma mu ba ka na kwana ukku yanzu a hannu." Alhaji ya duba kuɗin, ya ce ya sallama.

Ɗauko alli mu gani. Ɗaki 2, kwana 6, a jikka 7: jikka 84. A jikka 5: jikka 60. Ragin jikka 24 ke nan, kowa ya tsira da 6. Kowannenmu jikka 15 ya biya duka satin. Wani abokin aikinmu da ya zo shi kaɗai da dare, ya kama ɗaki a farashin allo, jikka 42 ya biya. Horo ɗaya muka yi, fanka iri ɗaya ta hura mu. Abin da ya raba mu abu uku ne: mun haɗa kai, mun faɗi yawan kwana tun farko, kuma mun nuna kuɗi. Ni da rarata na sayo wa ƴaƴana kaye da biki na shekara.

Amma kada ka ɗauka ƙaramin farashi kullum shi ne araha. Wani ɗalibina, magidanci ne, shekara biyu yana ajinmu na dare, ya kai mahaifinsa aikin ido. Aka ce su riƙa zuwa asibiti safe da yamma har kwana 5. Ya samu ɗaki biyu. Ɗaya jikka 4, can ƙarshen gari. Ɗaya jikka 5, kusa da asibiti, ana zuwa da ƙafa. Da can, na tabbata na jikka 4 zai kama ba tare da wani tunani ba. Sai ya zauna ya buɗe kayensa. Ya tambayi kuɗin kabu-kabu daga can, aka ce dala 60, wato tamma 300. Zuwa da dawowa sau biyu a yini, hawa 4 ke nan: tamma 1.200 ga mutum guda. Su biyu ne, kuma ba a goya mai ɗaurarren ido su uku bisa babur: tamma 2.400. In an tara da jikka 4, ya zama 6.400 kowace rana. Ɗakin jikka 5 ya fi shi sauƙi da tamma 1.400 a yini, jikka 7 cikin kwana 5. Ya kama na kusa. Da ya dawo ya kawo mini shafin in duba ko ya yi kure. Babu kure ko ɗaya. Ban ɓoye maka ba, na fi jin daɗin shafin nan bisa takardar yabo da aka taɓa ba ni.

Ya ƙara mini da wani abu da ban yi tunaninsa ba. Ya tambayi mai wurin ko zai bar shi ya hura gawayi a tsakar gida. Aka bar shi. Da garin kunun da ya taho da shi daga gida, da ɗan shayi, suka rage sayen abinci sau ɗaya kowace rana. Ba kowane masauki ke yarda ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Lokaci ma yana da nasa farashi. Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafin Maraɗi na wuce awo 40, ɗakin kwano ba fanka azaba ne, balle ga maras lafiya. Da ɗari kuwa, Disamba da Janairu, wanda ya biya kuɗin kilim ya yi sadaka ne, don bargo zai nema. Ko da bazarar, kafin ka biya kuɗin sanyi ka tambayi maganar wuta. Wutar Maraɗi daga wajen Katsina ake jawo mafi yawanta. Kowa ya tuna yadda Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Ko ba irin wannan, ana ɗauke wuta. Kilim ba wuta akwati ne kawai a bango. Ka ce: in an ɗauke, kuna da inji ko farantan hasken rana? Injin kuma har safe yake kwana, ko tsakar dare ake kashe shi?

Akwai kuma ranakun da gari ke cika. Kokowar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a 1975 a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, tana zagaya manyan garuruwan jihohi. Shekarar da ta faɗo Maraɗi, ko rumfa tsada take. Haka aka yi a bikin 18 ga Disamba na 2015, wanda aka kira Maraɗi Kwalliya. Haka lokacin manyan jarrabawa. A irin waɗannan ranaku dabarar dattijonmu ba ta ci, don mai ɗaki ba ya tsoron daren banza, wani na bayanka da kuɗi a hannu. In buƙatarka tana iya jira, ka ɗaga tafiya da sati guda. Litinin da Juma'a kuma ranakun kasuwar Maraɗi ne, masaukan kusa da tasha sun fi samun mutane a jajibirinsu.

Waya ta kawo sauƙi. Tun kana gida kana iya kiran ɗan garinmu da ke can, ya zagaya maka wuri biyu ko uku, har ya turo hoton ɗaki ta WhatsApp. Ɗan gari ba a faɗa masa farashin baƙo. Yaran yanzu kuma za su nuna maka shafunan intanet da ake kama ɗaki, irin su Booking.com, wanda aka kafa a ƙasar Holan a 1996. Kana rubuta sunan gari da rana, sai ya jero maka otel-otel da kuɗinsu, daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Abin sha'awa ne. Amma in ka duba da kyau, dillali ne, sai dai ba shi da rawani. Kowane ɗaki aka kama ta hannunsa yana da la'ada daga mai otel, sau da yawa wajen kashi 15 cikin 100. Ƙananan masaukan da muke sauka galibi ba su ciki. In tafiyar Yamai ce ko Kano ko Kwatano, ka sa yaro ya duba maka, ka san yadda farashi yake a garin, ka ɗauki sunan wurin. Sannan a kira su kai tsaye a ce: mun ga kaza, in mun zo da kanmu nawa za ku bari? Wani zai rage, tun da ya huta da la'ada. Wani zai ce daidai ne. Ka kuma sani, farashin da ya fi sauƙi a shafukan nan yawanci shi ne wanda ba a mai da kuɗi in ka fasa. Mai tafiyar asibiti kuwa bai san ranar da likita zai juya masa magana ba.

In wani da ba ka sani ba ya ce ka turo kuɗin kama ɗaki ta Nita ko Amana kafin ka zo, ka dakata. Su masu aika kuɗi aikinsu suke yi, abin da ka ba su za su kai. Amma wanda ya karɓa ya kashe waya, ina za ka gan shi? Ka ba ɗan'uwanka da ke garin, ya kai da hannunsa.

Kada ka biya sai ka ga ɗaki da idonka, kuma ɗakin da za ka kwana, ba wani da ake nuna wa baƙi ba. Ka rufe ƙofa ka gwada makulli. Ka murɗa famfo. Ka leƙa makewayi. Ka ɗaga katifa ka duba ɗinkinta, don akwai masaukin da kuɗin da ake ba baƙo kyauta su ne kuɗin cizo. Da damina ka duba taga ko da raga, in babu ka rataya sangenka, shi ya sa nake cewa a riƙa tafiya da shi. Ka rage jikka guda ga ɗaki, ka komo da zazzaɓin sauro, maganin ya ci uku, ga kwanciya lokacin noma: ina arahar take? Abin da ka gani ya lalace kuma ka nuna shi tun a lokacin. Yana taimakon ciniki, yana kuma hana a ce kai ka ɓata.

Ke kuma ƴar'uwa, in tafiya ta kama ki da yaro maras lafiya, akwai abin da ya fi ragin dala 100. Wurin da ake ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, ko wanda mashaya ke manne da shi, ko nawa aka rage miki ki wuce. Ki nemi inda mai wurin ke zaune da iyalinsa, ki roƙi ɗakin da ke kusa da su. Matan da ke sayar da abinci a ƙofar asibiti sun san irin waɗannan gidaje, su za ki tambaya. In kun haɗu ku biyu ko uku ƴan jinya, ku kama ɗaki guda ku raba kuɗin.

Za a tambaye ka katin ɗan ƙasa, a ba ka takarda ka cika: suna, garin da ka fito, inda za ka. Ka'ida ce, kada ka ji tsoro. Ka rubuta da hannunka, abin da muka sha yi a allo ne. In ka biya, ka karɓi resi. Ka duba an sa kwanan wata, da yawan kwana, da kuɗin da kuka shirya, ba na allo ba. Wanda kuka yi ciniki da shi da rana, ba lalle shi za ka tarar da safe ba, kuma na safen takarda kaɗai ya sani.

Saura abu ɗaya da ke cin mutane ranar komawa. A yawancin masaukai kwana yana ƙarewa ne da ƙarfe 12 na rana. In ka wuce haka kayanka na ciki, an shiga sabon kwana, ko da ba ka kwanta ba. Ka tambayi lokacin tun ranar da ka sauka. Mu ce likita ya ba ku ƙarfe 10 na safe, ka san layin asibiti, ba za ku fito ba sai bayan azahar. To, tun da safe ka ɗaure kayanka, ka share ɗaki da ido kada ka bar caja ko takardar magani, ka miƙa makulli. Ka roƙi mai gadi ya ajiye maka ƙunshin a ɗakinsa, ka ba shi dala 20 ko 40 na goro. In kun fito sai ka biyo ka ɗauka, ku wuce tashar Dakwaro.